Wata goma sha huɗu da na'urar awon jini a gidanmu

Baba yana alwalar asuba ne a bakin rariya, inda ya saba tsugunawa shekara da shekaru, ƙanwata ta ji faɗuwar buta. Da ta leƙo sai ta gan shi yana ƙoƙarin kurkure baki, ruwan yana zubowa ta gefe ɗaya har ya jiƙa masa gaban riga, hannunsa na dama kuma yana reto kamar ba a jikinsa yake ba. Ta ce, "Baba, lafiya?" Ya amsa mata, amma abin da ya fito daga bakinsa ba ta gane ko kalma ɗaya ba.

An kira ni na zo daga gidana kafin gari ya waye sosai. Abin da muka yi daga nan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Muka kwantar da shi, aka yi tofi, aka shafa masa man habbatussauda, wata gwaggonmu ta ce iska ce ta buge shi tunda a bakin rariya abin ya same shi. Aka kawo rubutu aka ɗura masa, ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Ban raina addu'a ba, ita muke yi har gobe. Amma addu'a a cikin mota ma ana yin ta, mu kuwa sai bayan la'asar muka kai shi asibiti.

Likitan da ya karɓe mu tambaya biyu ya fara yi. Ta farko: ƙarfe nawa aka gan shi lafiya lau na ƙarshe? Ta biyu: yana da hawan jini? Ta biyun ce ta sa muka kalli juna. Inna ce ta tuna cewa shekarun baya, lokacin gwajin lafiyar maniyyata, an ce masa jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayoyi, ya sha na wata biyu, ya ce shi garau yake jin kansa, ya ajiye. A ranar nan awonsa ya nuna 210 bisa 120. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiya ce ta toshe, wato shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Da aka sallame mu bayan kwana goma sha ɗaya, ma'aikaciyar jinyar da ta fi kula da shi ta ce da ni, "Malama, in da hali ku nemi na'urar awo ku ajiye a gida." Wannan rubutu a kan na'urar ne, bayan na shafe wata goma sha huɗu ina amfani da ita safe da yamma.

Sau biyu na saya, domin ta farkon asara ce. Wajen wani mai yawo da kaya a kasuwa na same ta, irin ƙaramar nan da ake ɗaurawa a tsintsiyar hannu kamar agogo. Arharta ce ta ja ni, kuma tana magana, tana karanto lambobin da murya. A zama ɗaya sai ta ba ka 128, ka sake ta ba ka 167, ka ɗan karkata hannu ta ba ka wani abu dabam. Ranar da muka koma ganin likita na tafi da ita, aka auna Baba da ta asibiti aka auna da tawa, tazarar ta wuce ashirin. Likitan ya ce irin ta tsintsiyar hannu tana da saurin yin kuskure in ba a daidaita hannun da saitin zuciya ba, ya ce in nemi ta damtse. Arha ba ta ado, in ji masu magana.

Ta biyun a wani babban kantin magani na saye ta, naira 35,000 a farashin lokacin. Ba zan kira sunan kamfanin ba, domin ba talla nake yi ba, kuma irinta suna da yawa. Abin da zan faɗa shi ne yadda mai kantin ya yi mini, don shi ne abin da ya kamata kowa ya nema. Kafin ya sauko da kwalin sai ya tambaye ni kaurin damtsen wanda za a riƙa aunawa. Na ce ban sani ba. Ya ce in kira gida a auna da tef ɗin ɗinki, a tsakiyar damtse. Aka auna Baba, santimita 29. Ya ce to ɗamarar da ke cikin kwalin, mai ɗaukar 22 zuwa 32, ta yi masa. Ya ƙara da cewa in ɗamara ta yi wa mutum kaɗan, lambar da za ta bayar takan fi ta gaskiya yawa, sai a tayar wa mutum hankali a banza. Ya kuma nuna mini a wayarsa jerin na'urorin da masana suka gwada suka tabbatar da ingancinsu, wanda ake kira STRIDE BP, ya nemo lambar wannan a ciki ina kallo. Sannan ya zuba batir ya auna ni a nan take, ya sa ni na auna shi da hannuna, don ya tabbatar na iya ɗaura ɗamarar.

A cikin kwalin akwai na'urar kanta, girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba, sai ɗamara mai ɗan bututun roba, sai batir huɗu da jakar ajiya. Maɓalli ɗaya ne babba na kunnawa da kashewa, da ƙarami na duba awon baya. Wannan sauƙin shi ne babban abin da na yaba. Inna ba ta yi boko ba, amma cikin kwana uku ta iya ɗaurawa da dannawa, ta kuma iya kwafe lambobin a takarda. Lambobin manya ne baƙaƙe, Baba yana ganinsu ba tabarau. Uku take nunawa: na sama, na ƙasa, da bugun zuciya a minti. Tana cika iska a hankali ba ta matse hannu har ya yi zafi, kuma duka awon bai kai minti ɗaya ba. Sau uku na kai ta asibiti aka gwada ta da tasu, tazarar ba ta taɓa wuce biyar ba.

Inda ta gaza ma zan faɗa. Fuskarta ba ta da haske, in an ɗauke wuta da asuba sai an haska da fitilar waya. Takardar bayanin da ke ciki harsuna ne birjik, babu Hausa, kuma rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Wayar jonawa a wuta ba ta zo da ita ba, dabam ake saya. Batir ɗin da suka zo da ita sun yi wata huɗu, amma da na sa irin na arha na bakin titi, sati biyu ta fara nuna alamar sun yi sanyi, wani lokaci ta tsaya ana cikin awo. Sannan ma'ajiyarta ba ta bambance mutane. In ka auna Baba ka auna Inna, duk a wuri ɗaya take tarawa, ba suna ba rana. Saboda haka na daina dogara da ita a wannan fannin, na sayi littafi mai shafi arba'in irin na ɗalibaina, na ja layi: rana, lokaci, na sama, na ƙasa, bugu, an sha magani ko ba a sha ba. Littafin nan ya kai na'urar amfani. Likitan Baba yanzu kafin ya ce mana sannu, hannu yake miƙowa a ba shi littafi. Da shi ya gane cewa jinin Baba yana hawa da sassafe, ya sauya masa lokacin shan ɗaya daga cikin magungunan, ya kuma tsara mana yadda za a yi da azumi.

Yadda ake awon ma sai an koya, kuma nan ne na ga yawancin mutane suna ɓata abin. Mutum zai shigo daga rana yana haki, ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, ana hira ana awo. Wannan ba awo ba ne. Sai an zauna a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, a huta minti biyar, hannu a kan tebur daidai saitin ƙirji, ɗamara a kan fata ba a kan hannun riga ba, kuma ba magana. In ana jin fitsari a fara zagayawa. A yi sau biyu, da tazarar minti ɗaya ko biyu. Rigimarmu da Baba a kan goro ce. Shi da ya idar da sallah sai ya ɓantari goro, kuma goro da shayi da taba duk suna ɗaga lambar na ɗan lokaci, ana so a yi rabin awa ba a taɓa su ba kafin awo. Mun daidaita a kan cewa awo tukuna, sauran daga baya. A asibiti daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau, amma a awon gida daga 135 bisa 85 ake lissafi, domin mutum ya fi sakewa a ɗakinsa. In kuwa ta kai 180 bisa 120, aka huta aka sake awo tana nan dai, ba a kwana da wannan lambar a gida, balle in akwai ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda na'urar ta zama ta unguwa. Masu zuwa duba Baba, kowa sai ya ce a gwada shi. Inna, wadda ba ta taɓa kukan komai ba sai ciwon gwiwa, muka same ta a 158 bisa 96, kwana bakwai a jere ba ta sauka ƙasa da 150 ba. Yanzu tana shan magani, kuma likita ya hana ta ƙwayoyin ciwon jikin nan da take saya a kemis tana sha kullum, ya ce irin su diklofenak da ibuprofen suna ƙara hawan jini. Maigidana shekararsa 44, damtsensa ya fi ƙarfin ɗamarar, sai da na sayo babba, shi ma aka same shi a kan iyaka. Cikin waɗanda na auna aka samu nasu ya hau, kusan kowa kalma ɗaya yake faɗa: "Ni fa ba na jin komai." Mutanenmu sun ɗauka hawan jini sai da jiri da ciwon kai, ko kuma ciwon masu kuɗi ne da masu yawan tunani. Baba direban babbar mota ne da ya yi ritaya, siriri ne, ba ya da tumbi, kuma bai ji komai ba har ranar da buta ta faɗi.

Ko da yake, in an bi diddigi, ya ji. Wata guda kafin abin, yana jan carbi bayan magariba, carbin ya zame daga hannunsa, yatsun suka mutu kamar na minti goma, sannan suka dawo. Ya gaya wa Inna, suka ce kwanciya ya yi a kan hannun. Likita ya ce wannan ƙaramar shanyewa ce mai wucewa, gargaɗi ce, kuma da an kai shi a ranar da wataƙila an tare babbar. Duk wanda hannunsa, ƙafarsa, harshensa ko ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, kada ya ce ya wuce.

Akwai haɗari ɗaya da na'urar ke kawowa, kuma mun faɗa cikinsa. Bayan wata biyar lambobin Baba suka yi kyau, kullum 126, 130, 124. Sai na lura ƙwayoyin amlodifin, maganinsa na hawan jini, ba sa raguwa a kwalinsu. Da na tambaye shi ya ce, "Uwata, ai ke da kanki kike rubutawa, jinin ya sauka. Maganin me kuma?" Na zauna na ce, "Baba, maganin ne ya saukar da shi, kuma shi yake riƙe da shi." Bai yarda ba sai da na nuna masa shafin kwana huɗun da ya yi bai sha ba, lambar tana hawa kamar matakala: 138, 149, 156, 164. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce a miƙo masa ruwa. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da ake shan magani a warke a ajiye, kuma wanda zai sayi na'urar nan ya san cewa kyakkyawar lamba tana iya ruɗar majinyaci.

Haɗari na biyu ya fi wannan. Wata ranar Talata da hantsi wani yaron maƙwabta ya shigo da gudu, wai babansa ya ce a ba da aron na'ura, bakin mamarsu ya karkace suna so su ga ko jininta ne ya hau. Ban ba shi ba. Na zari hijabi na bi shi. Na same ta a zaune ana yi mata fifita. Na ce, "Maman yara, yi mini murmushi." Gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya tsaya. Na ce ta ɗaga hannuwa biyu, na hagu ya sulale ƙasa. Na ce ta faɗi sunan autanta, harshen ya yi nauyi. Na ce da maigidan, "Alhaji, ba awo ake yi ba yanzu, a samo abin hawa." Na duba agogo na rubuta lokacin a bayan hannuna, na hana a ba ta ruwa ko rubutu ko wata ƙwaya, muka sa ta a adaidaita sahu. Ba a yi awa ɗaya ba muna sashen gaggawa na asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Yau tana tafiya da ƙafarta har kasuwa, sai ɗan nauyi a hannun.

Na'urar awon jini ba ta gane shanyewar ɓarin jiki. Ido ne ke gane ta: fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ta mutu a ɓari ɗaya, magana ta sarƙe ko mutum ya kasa fahimtar abin da ake faɗa masa. Wani kuma gani ne ke ɗaukewa farat ɗaya, ko ya kama tangaɗi, ko kai ya sara masa irin saran da bai taɓa ji ba. Ɗaya daga ciki ta isa. Dalilin gaggawar shi ne, irin ta toshewar jijiya akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ko inda babu, zuwa da wuri yana sa a kula da numfashi, da suga, da haɗiya. Haɗiyar nan ita ce dalilin hana ruwa, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin da aka ɗura ya wuce huhu ya zama wani ciwon. Asfirin kuma da wasu ke saurin bayarwa, in jijiya fashewa ta yi ba toshewa ba, ƙara zubar jinin zai yi, kuma ba mai iya bambance biyun sai hoto.

Bayan abin Baba na yi ta bincike, na ci karo da wani babban nazari da aka yi a Najeriya da Gana mai suna SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin cibiyoyin da suka yi shi. An fitar da sakamakonsa a 2018, kuma ya nuna hawan jini ne kan gaba da nisa cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a wajenmu. A jerin akwai ciwon suga, kitse a jini, ciwon zuciya, shan taba, rashin motsa jiki, ƙarancin cin ganye, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa. Wannan na ƙarshen hoton Baba ne sak, shi da ɗan kwanon gishirinsa a gefen tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya da yajin tsire da burodi. A gidanmu an koma daddawa da tafarnuwa da citta, ɗunƙule ɗaya a tukunyar da da ake jefa huɗu, zogale da alayyahu kuma sun yawaita. Sati biyun farko an yi ta ƙorafi, daga baya harshe ya saba.

Akwai wata 'yar alama mai siffar zuciya da ke fitowa a gefen fuskar na'urar in bugun bai tafi daidai ba. Da farko ban kula da ita ba. A jikin wani kawunmu ta fito sau uku a jere, na matsa masa ya je aka yi masa gwajin zuciya, aka samu bugunsa yana da tangarɗa irin wadda ke sa jini ya dunƙule a cikin zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa. Alamar ba hukunci ba ce, motsi ma yakan sa ta fito, amma in ta nace a kai wa likita labari.

Wa zan ce ya saya? Duk gidan da ke da mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, ko mai cikin da aka ce jininta yana hawa. In kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, gida uku ko huɗu su haɗa, ko 'yan adashi su fitar daga kwasar wata ɗaya, domin na'ura ɗaya tana isar mutum ashirin in kowa yana da shafinsa a littafi. A sayi ta damtse, a kantin magani mai rajista, a auna hannu kafin a biya, a kuma kai ta asibiti a gwada ta da tasu.

Baba yanzu yana takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida, kuma muna kai shi gashi sau biyu a wata. Maganarsa ta dawo, sai in ya gaji take ɗan sarƙewa. Hannun daman bai dawo ya riƙe buta ba, ƙanena ne ke zuba masa ruwan alwala. Ɗamarar na'urar ta fara tsagewa ta wajen bututun, na lura tana daɗewa kafin ta cika, kuma mai kantin ya ce ana samun ta ita kaɗai ba sai an sake sayen duka ba. Ranar Asabar zan je in karɓo, in biya in sayi sabon littafi, na uku ke nan.